Masu zuwa Yankari, mu gyara yadda muke sayayyar hanya

Assalamu alaikum Edita, da fatan kana lafiya da ma'aikatanka baki ɗaya. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan'uwa masu cika mota da iyali ko abokai su nufi gandun namun daji na Yankari da ke jihar Bauchi, tunda ga hunturu ya shigo, kuma yanzu ne ake ganin dabbobi sosai saboda ciyawa ta bushe suna gangarowa kogin Gaji shan ruwa.

Abin da ke damuna shi ne sayayyar tafiyar nan a juye muke yin ta. Mutum zai shiga kantin zamani a Kano ya cika but da biskit da lemon roba da katan ɗin taliya har da tumatirin gwangwani, amma babu tocila babu gidan sauro babu rigar sanyin yara, sai an wuce Dindima an karya kwana an doshi Mainamaji, ƙauyen da get ɗin shiga Yankari yake, sannan a fara tambayar juna wa ya ɗauko kaza. To a nan kuma ina za ka samu? Daga get zuwa sansanin Wikki inda baƙi ke sauka ma tafiya ce ta sama da kilomita 40 cikin daji.

Kayan da ba na ci ba a gari ake sayensu tun kafin a tashi. Tocila mai caji, fawa banki, kula mai murfi mai ƙarfi, darduma, buta, jarkar ruwa, duk Sabon Gari akwai su, takalmi kambas da suwaita kuwa gwanjon Ƙofar Wambai ya ishe ka, sun ma fi wasu sababbin ƙarko. Wanda ya manta sai ya tsaya kasuwar Wunti a Bauchi ya cike giɓi. Kar a raina maganar rigar sanyin nan, ruwan maɓuɓɓugar Wikki da ake wanka a ciki ɗumi gare shi dare da rana wajen digiri 31, yaro zai shiga ya ƙi fita, amma yana fitowa da yamma iskar hunturu ta buge shi sai mura.

Abinci kuma a bar wa hanya rabonta. Daga Wudil zuwa Birnin Kudu zuwa Ningi akwai mutanenmu zaune bakin titi da tumatir da albasa da attaruhu da rake, ga ƙuli-ƙuli, ga mata Fulani da fura da nono, kayan nan daga gona suka fito ba su kwana a sito ba. Wallahi abin da ya fi ci min rai shi ne mutum ya biya kuɗin da aka liƙa a kanti ko uffan bai ce ba, amma ya zo wajen dattijuwa mai kwanon gyaɗa da ta wuni cikin ƙura ya zuge gilas rabi yana ja mata rai a kan naira 100, ta ce albarka ya ja mota sai ta biyo shi da gudu ta sallama. Ciniki halal ne, amma wannan ba ciniki ba ne. A fito daga motar a yi sallama a ce Inna nawa ne, in an taya a taya da mutunci. Kuma a riƙo tsabar kuɗi da canji, don sabis yana ɗaukewa a hanya, ita kuma ba ta da POS ba ta san taransifa ba.

In an isa, abinci ya zauna cikin kula a rufe mota, gwaggon birin Wikki sun san leda sarai, daga hannun yaro ma fizgewa suke. A tafi da buhu guda na zuba shara a dawo da ita gari.

Matasan Bauchi kuma ga sana'a a ƙofarku, ku fara ba da hayar tanti da kula da ƙaramar tukunyar gas, don mai zuwa sau ɗaya a shekara ba lallai ya so sayen nasa ba, haya kuwa zai karɓa da murna.

Naku,
Mai karatu daga Kano