Murar tsuntsaye: a gaya wa likita an taɓa kaza

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai albarka domin in ja hankalin jama'a game da murar tsuntsaye, ganin cewa a lokacin sanyi ne tsuntsaye masu ƙaura daga Turai ke sauka a tafkunanmu irin na Tabalak, inda suke cuɗanya da agwagi da zabbin gida.

Cutar ba baƙuwa ba ce a Nijar. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ƙwayar H5N1, wani nau'in ƙwayar cutar murar tsuntsaye, a Magarya, cikin jihar Damagaram, jim kaɗan bayan ɓullarta a jihar Kaduna ta Najeriya, kuma a farkon 2007 ta yi ajalin wata mata a Legas. Ba ta cika kama mutum ba, haka kuma da wuya take tashi daga wani zuwa wani, amma alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa kusan rabin waɗanda aka tabbatar sun kamu tun daga 2003 sun rasu.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda take farawa. Zazzaɓi ne mai zafi da ya haura digiri 38, da tari, da ciwon maƙogwaro, da ciwon kai da na gaɓoɓi, wani kuma idanunsa su yi ja, ko ya yi ta amai da gudawa. Duk wanda ya ji haka a Tahoua zai ce zazzaɓin sauro ne ko murar hunturu, ya aika a sayo masa ƙwaya wajen mai tebur, alhali cikin 'yan kwanaki ciwon na iya sauka a huhu har numfashi ya gagara. Maganin da ake bayarwa, oseltamivir, ya fi amfani idan an fara shi cikin kwana biyu na farko. Saboda haka wanda ya yanka, ko ya fige, ko ya kwashe kashin kaji marasa lafiya, sannan zazzaɓi ya kama shi cikin kwana goma, ya garzaya asibiti, kuma ya faɗi da bakinsa cewa ya taɓa tsuntsaye, domin ma'aikacin lafiya ba zai iya gane haka da ido ba.

Akwai kuma wata al'ada da ya kamata mu bari. Da zarar kaza ta yi laushi, sai a yi maza a sa mata wuƙa don kada ta yi mushe, a miƙa wa mata da yara su fige. To, a nan haɗarin yake, cikin jini da gashi da kayan ciki. Naman da ya dahu sosai da ƙwan da aka dafa har gwaiduwarsa ta yi tauri ba sa ɗauke da ƙwayar, tunda zafin digiri 70 na kashe ta. Kazar da ta mutu a binne ta cikin rami mai zurfi, ba tare da an taɓa ta da hannu tsirara ba, a wanke hannu da sabulu, kuma a daina kwana ɗaki ɗaya da kaji.

Ina kira ga ma'aikatar kiwo da ta riƙa biyan diyya a kan lokaci, domin matar da zabbi ashirin ne jarinta ba za ta kai rahoto ba idan ta san za a hallaka su a bar ta hannu rabbana. Kasuwa za ta kai su, cutar ta bi su zuwa wani gari.

Na gode.

Wani mai karatu,
daga Tahoua