Finafinan Tseren Motoci Galibi Suna Kama Ranaku Daidai, Amma Suna Zaluntar Mutanen da Suka Yi Tseren

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana a kan wani abu da ke damun duk wanda ya san tseren motoci ciki da bai, wato yadda finafinai suke nuna gabar da aka yi tsakanin manyan direbobi. Matasa da yawa yanzu daga fim suka san sunan Niki Lauda da James Hunt da Ken Miles da Ayrton Senna, kuma abin da fim ya nuna musu shi suke riƙewa a matsayin tarihi. A ganina masu shirya fim galibi sun ƙware wajen kwaikwayon launin mota da ƙarar inji da ranar da abu ya faru. Inda suke kasawa shi ne da zarar sun zo kan mutane, sai sun nemo mugu ko da babu shi, sannan su bar ainihin abin da ke raba mai nasara da wanda ya sha kaye, wato birki da taya da mai da dokar gasa.

Bari in fara da Rush na 2013, wanda Ron Howard ya ba da umarni a kan fafatawar Lauda na Ferrari da Hunt na McLaren a babbar gasar Formula 1 ta 1976, domin shi ne ya fi kusa da gaskiya. Ranar 1 ga Agusta 1976 motar Ferrari ta Lauda ta ƙwace a zagaye na biyu a Nürburgring ta Jamus, hanya mai tsawon kusan kilomita 23 a cikin daji da tuddai, ta daki shinge ta kama da wuta. Abokan tserensa ne suka ciro shi: Arturo Merzario da Guy Edwards da Brett Lunger da Harald Ertl. Ƙunar fuska ba ita ce ta kusa kashe shi ba, hayaƙi mai guba da ya shaƙa ya ƙona masa huhu shi ne babban haɗarin. Bayan mako shida ya dawo a Monza ta Italiya ya zo na huɗu. A tseren ƙarshe a Fuji ta Japan, ranar 24 ga Oktoba, ya ajiye mota bayan zagaye biyu saboda ruwan sama, Hunt ya zo na uku ya ɗauke kambun duniya da maki 69, Lauda yana da 68. Duk wannan fim ɗin ya kawo shi yadda ya faru, kuma ya cancanci yabo.

To amma Hunt da Lauda abokai ne tun suna ƙananan direbobi, har Lauda ya sha kwana a gidan Hunt a Landan lokacin da dukkansu ba su da abin hannu. Karon da fim ya nuna sun yi a ƙaramar gasar Formula 3, wanda aka ɗora ƙiyayyarsu a kai, ƙirƙira ce. Haka dukan da aka nuna Hunt ya yi wa ɗan jarida saboda ya ci mutuncin Lauda. An fara mayar da su maƙiya domin daga baya a nuna sun sasanta, alhali tun asali babu abin da za a sasanta.

Rigimar gaske ta 1976 tsakanin Ferrari da McLaren aka yi ta, kuma a teburin alƙalai. A Sifaniya Hunt ya ci tsere, aka auna motarsa aka ga faɗinta ya zarce doka da santimita 1.8, aka ƙwace nasarar, sannan aka mayar masa bayan ɗaukaka ƙara. Wannan fim ya nuna shi. A Brands Hatch ta Ingila kuwa, an yi karo a kwanar farko, aka tsayar da tsere, Hunt ya bi gajeruwar hanya ya koma gareji bai kammala zagayen ba. Aka bar shi ya sake tashi, ya ci, sai a watan Satumba aka soke sakamakon bisa ƙarar Ferrari, maki tara suka tafi, aka ba Lauda nasarar. A Monza an mayar da motocin McLaren can baya wajen tashi saboda taƙaddama a kan ƙarfin man da suka zuba. Fim bai tsaya a kan waɗannan biyun ba, alhali in babu su mai kallo ba zai gane dalilin da ya sa aka isa Japan da tazarar maki uku kacal ba.

Ko a Fujin ma, taya ce ta yanke hukunci. Tayar ruwa tana da zurfin zane kuma robarta laushi gare ta, ruwan da ke kan kwalta shi ke sanyaya ta. Da ruwa ya ɗauke hanya ta fara bushewa, sai robar ta yi zafi ta riƙa narkewa tana tsinkewa. Direban da ya san aiki yakan bar busasshen layi ya bi ta inda ruwa ya kwanta domin ya sanyaya tayarsa, kuma abin da Mario Andretti ya yi ke nan har ya ci tseren. Hunt ya ci gaba da matsa wa tasa, ta lalace ana saura 'yan zagaye a gama, ya shiga aka canja masa ya fito na biyar, sai da ya wuce Alan Jones da Clay Regazzoni kafin ya samu na ukun da yake bukata. Kuma ba Lauda kaɗai ya janye ba a ranar, Emerson Fittipaldi da Carlos Pace ma sun ajiye motocinsu. Ga mutumin da wuta ta ci masa fatar ido har ƙiftawa take masa wuya, tuƙi cikin feshin da ba a ganin gaba ba ƙaramar kasada ba ce.

Ford v Ferrari na 2019 ya fi yin nisa da gaskiya. Ya nuna an bar Ken Miles, direban Ford, a gida a 1965 yana sauraron tseren awa 24 na Le Mans da ake yi a Faransa ta rediyo saboda manyan Ford ba sa son halinsa. Miles ya je Faransa a shekarar, ya yi tuƙi tare da Bruce McLaren, giyabos ɗinsu ne ya lalace suka fita. Ya nuna Enzo Ferrari, mai kamfanin Ferrari, a bakin hanyar Le Mans a 1966, alhali bai halarta ba. Ya nuna kamar Fiat ta sayi Ferrari nan take bayan cinikin da Ford ta yi na sayen Ferrari ya rushe a 1963, alhali sai 1969 Fiat ta karɓi rabin kamfanin. Sannan ya ɗauki Leo Beebe, jami'in da ke kula da sashen tsere na Ford, ya mayar da shi makirin da ke bin Miles da sharri daga farko har ƙarshe. Shawarar a jera motocin Ford su ƙetare layin ƙarshe tare domin hoto a Le Mans ta 1966 daga shugabannin Ford ta fito, wannan gaskiya ne, kuma ta jawo wa Miles asara: masu gasar suka ba Bruce McLaren da Chris Amon, su ma direbobin Ford, nasara saboda motarsu ta tashi daga 'yan mitoci a baya, don haka ta fi cin nisa. Miles, wanda ya riga ya ci manyan tseren Daytona da Sebring na Amurka a shekarar, ya rasa na ukun, kuma bayan wata biyu ya rasu yana gwajin mota a Riverside. Abin baƙin ciki ne ƙwarai. Amma kuskuren shawara daban, mugunta daban, kuma Beebe ya riga ya mutu, ba shi da bakin kare kansa.

Inda wannan fim ya burge ni shi ne birki. Motar GT40 Mk II ta Ford tana ɗauke da inji mai lita bakwai, nauyinta ya haura kilo 1,200, kuma a miƙaƙƙiyar hanyar Mulsanne mai kusan kilomita shida tana wuce kilomita 320 a awa kafin ta tarar da kwana mai tsanani a ƙarshe. Ƙarfin da birki zai shanye yana ninkuwa huɗu duk lokacin da gudu ya ninka biyu. Faifan birkin na ƙarfe ne, yakan huce sarai a tsawon miƙaƙƙiyar hanyar, sai a taka shi lokaci guda ya yi jajir cikin daƙiƙu kaɗan. Wannan sanyi da zafi, sau ɗaruruwa cikin awa 24, shi ke tsattsaga faifan. Phil Remington, injiniya a ɓangaren Ford, ya ƙirƙiro hanyar cire faifan a sa sabo cikin ɗan lokaci idan mota ta tsaya shan mai, kuma fim ya ba wannan dabara haƙƙinta. Da ma ya yi haka ga sauran aikin: injiniyoyin Ford sun ɗora inji a kan na'urar gwaji tana kwaikwayon zagayen Le Mans, da hawa da saukar giya, har tsawon da ya zarce na tseren kansa. Sunayen Eric Broadley na kamfanin Lola da Roy Lunn da John Wyer, waɗanda suka fara gina motar a Ingila, kusan sun ɓace. Motoci 55 suka tashi a 1966, 15 kawai suka kai ƙarshe, kuma manyan motocin Ferrari duk sun fita tun kafin a kammala tseren. Wanda motarsa ta jure shi ya ci.

Akwai wata ɗabi'a da kusan duk finafinan tsere suka yi tarayya a kanta, kuma ya kamata masu kallo su gane ta. Motoci biyu suna kafaɗa da kafaɗa, direbobi su juya su harari juna, ɗaya ya ƙara giya ya danna totur ya wuce kamar dā can yana ajiye da sauran ƙarfi. A miƙaƙƙiyar hanya kowane direba ya riga ya take totur har ƙasa, yana kan giyar ƙarshe, babu abin da ya rage. Wucewa tana faruwa ne ta hanyoyi sanannu: ka fita daga kwanar baya da gudun da ya ɗara na abokin karawarka, ka laɓe a bayansa inda motarsa ta tsaga maka iska, ka fito gefe, sannan ka jinkirta taka birki da 'yan mitoci ka riga shi shiga cikin kwana. In ka makara da yawa taya ta kulle, ta goge wuri guda ta yi faci, daga nan sitiyari zai riƙa karkarwa har sai an canja ta. A gudun kilomita 300 a awa mota tana cin mita 83 a daƙiƙa ɗaya, wanda ya juya kai ya kalli maƙwabcinsa ya riga ya wuce alamar birkinsa.

Har fim ɗin da aka haɗa da hotunan gaske bai tsira ba. Senna na 2010, na Asif Kapadia, babu ɗan wasa ko ɗaya a ciki, amma zaɓen abin da za a nuna da wanda za a bari ya mayar da Alain Prost ɗan siyasa mai fakewa da Jean-Marie Balestre, shugaban hukumar tsere na lokacin. A 1988 McLaren, wadda Prost da Senna suke tuƙa mata, ta ci tsere 15 cikin 16. Prost ya tara maki 105, Senna 94, amma doka ta ce sakamako goma sha ɗaya mafi kyau kawai za a ƙirga, sai Senna ya zama zakara da 90 a kan 87. A shekarar an ƙayyade wa motoci masu turbo lita 150 na mai a tsere guda, don haka iya tattalin mai da taya, wanda Prost ya shahara da shi, gwaninta ce ta tuƙi kamar kowace. A Suzuka ta Japan a 1989 Prost ya sa an rage fiffiken bayan motarsa domin ya samu gudu a miƙe, abin da ya tilasta wa Senna neman wucewa a matsattsiyar kwana, suka yi karo. Aka tura Senna ya tashi, ya canja hancin mota, ya ci, aka soke shi bisa hujjar ya yanke kwanar, aka ba Alessandro Nannini. Ana iya jayayya a kan wannan hukunci, ni ma ina ganin an tsananta masa. Amma a 1990 a wannan hanyar dai Senna ya daki motar Prost a kwanar farko suna cikin matsanancin gudu, kuma bayan shekara guda ya amsa da bakinsa cewa da gangan ya ƙi ɗaga ƙafa. Rai biyu aka jefa cikin haɗari a ranar, fim ɗin kuwa ya lulluɓe abin da uzuri. Bai kuma ba da isasshen lokaci ga yadda suka shirya ba: a Adelaide a 1993 Senna ya jawo Prost ya tsayar da shi kusa da shi a saman dandamali, suka riƙa waya da juna bayan Prost ya yi ritaya, kuma da Senna ya rasu a Imola ranar 1 ga Mayu 1994, Prost yana cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.

Ba na cewa a haɗa fim ɗin awa biyu da kowane sakamako na shekara. Dole a taƙaita, a haɗe wasu tsere wuri guda, a bar wasu mutane. Wannan uzuri ne karɓaɓɓe. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗora wa mutum mai suna da iyali halin da ba nasa ba domin labari ya yi daɗi. Roƙona ga masu sharhin finafinai a wannan jarida, idan irin wannan fim ya fito, su duba abu uku kafin su yaba: shin ranaku da sakamako sun yi daidai, shin an nuna dalilin da ya sa mota ta ci ko ta mutu a hanya, kuma shin wanda aka nuna a matsayin mugu ya aikata abin da aka jingina masa. A ma'aunina Rush ya haye na farko da rabin na biyu, Ford v Ferrari ya yi ƙoƙari a na biyu ya faɗi a na farko da na uku, Senna kuwa ya haye na farko amma yana da bashin Alain Prost a wuyansa.

Na gode da wannan dama, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Mai karatu, mai bibiyar tseren motoci