Wasiƙa daga Jamus: Abin da Ya Zaunar da Ni a Ɗakin Gwaji

Aminina Malam Habu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da iyali da su Baba. Ya kasuwa? Ka ce ka gaji da jin "bincike nake yi", in faɗa maka takamaimai abin da nake yi. To, ga shi.

Roba muke haɗawa daga iskar kabon dayokzayid, irin wadda masana'antu ke fitarwa ta bututu. Iskar nan taurin kai gare ta, ba ta haɗuwa da komai cikin sauƙi. Shi ya sa ake kawo mata efoksayid, sinadari mai zafin nama, wanda ƙwayarsa ɗan zobe ne a matse, kullum yana neman hanyar buɗewa. Duk da haka ba sa daidaitawa sai da dillali, kuma dillalin nan ƙarfe ne: zinki, ko kobalt, ko kuromiyam. Katalis muke ce masa.

Ita roba doguwar sarƙa ce ta ƙwayoyin sinadari. Aikinsa ke nan: ya riƙe bakin sarƙar, ya buɗe zoben efoksayid ya ɗaura, sannan ya shigar da iskar, ya sake ɗauko efoksayid. Ɗaya bayan ɗaya, ba tsallake. In ya yi sakaci bakin sarƙar ya lanƙwaso ya ciji jikinsa, sai ka buɗe tukunyar gwaji da safe ka tarar da ruwa tsararo maimakon roba mai danƙo. Ranar nan ba mai yi maka magana.

Wani Bajapane, Shohei Inoue, shi ya fara nuna hanyar a 1969 da zinki, amma aikin na tafiyar hawainiya. Daga baya Geoffrey Coates na Jami'ar Cornell a Amurka ya fito da katalis masu sauri na zinki da na kobalt, har ya haɗa roba da man ɓawon lemo. Ni dai aikin Charlotte Williams ta Ingila ya fi burge ni. Ta jera ƙarfe biyu kusa da juna, ɗaya ya riƙe sarƙa, ɗaya ya kamo efoksayid, sai ga abu yana tafiya ba tare da an matse iskar da ƙarfi ba.

Ga wanda zai ba ka dariya. Robar da ake samu daga efoksayid na furofilin (wani sinadari da ake samu daga man fetur), kusan kashi 43 cikin ɗari na nauyinta iskar ce, amma tana fara laushi da zafi ya kai digiri 35 zuwa 40. Ka ga a Kano cikin watan Afrilu ba za ta yi bokiti ba. Inda ta yi amfani shi ne soson katifa, wato sana'arka. A 2016 kamfanin Covestro ya buɗe masana'anta a garin Dormagen, nan Jamus, mai iya fitar da tan 5,000 a shekara na ruwan haɗa soso, wanda har kashi 20 cikin ɗari nasa iskar ce.

Kada ka biye wa masu cewa wannan zai magance ɗumamar yanayi. Iskar da duniya ke fitarwa ta fi tan biliyan 30 a shekara, kuma efoksayid ɗin kansa daga man fetur ake samo yawancinsa. Ribar ita ce a rage fetur ɗin da ke shiga kowace katifa.

In ka samu mai tahowa, ka aiko min da yaji da kilishi kaɗan. Ka gaishe min da Hajiya da yaran.

Naka,
Bashir