Lambar da ke jikin sarƙa ba ta isa shaida ba, a gyara rasit ɗin gwal

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida don in ja hankalin 'yan'uwa mazauna Legas, musamman iyayenmu mata da masu haɗa lefe, kan cinikin gwal a Tejuosho da Balogun da Idumota, har da shagunanmu na Agege da Idi-Araba. Yawancin rigimar da ake yi ranar da aka dawo sayar da sarƙa, tun daga rasit aka shuka ta. Sai ka ga takarda an rubuta "sarƙa da ɗan kunne" da jimillar kuɗi, shi ke nan. Babu karat, babu giram, babu kuɗin aiki.

Tataccen gwal karat 24 ne, kuma ya yi laushi da yawa, ba ya jure sawa kullum. Don haka maƙerin fari ke haɗa shi da jan ƙarfe da azurfa. Lambar da ake bugawa kusa da maɓallin sarƙa tana nuna kason gwal cikin 1,000: 916 karat 22 ne, 875 karat 21, 750 karat 18, 585 kuma karat 14. Abin da ake kira na Saudiyya galibi 21 ne, na Italiya galibi 18, Dubai kuwa tana fitar da kowanne, saboda haka "ɗan Dubai ne" ba amsa ba ce ga wanda ya tambayi karat. Lissafin ba wuya. Sarƙa mai giram 20 in karat 18 ce, gwal ɗin da ke cikinta giram 15 ne. In 21 ce, giram 17.5. Giram biyu da rabin nan su ne hajiya ke asara idan aka sayar mata da 18 a farashin 21.

Sai dai ƙarfen buga lamba kowa na iya mallakarsa. Ana buga 750 a jikin tagulla, ana kuma ciro maɓallin gwal na gaske a liƙa wa sarƙar da ruwan gwal kawai aka yi mata. Wanda ya ga an buga haruffan GP a jikin kaya ya sani ruwan gwal ne kawai, kaurinsa bai kai na gashin kai ba ko kusa, kuma da gumi da iskar gishirin Legas cikin watanni yake koɗewa a wuya. Mai haruffan GF, rufin gwal ɗinsa ya fi kauri, amma shi ma kashi 1 cikin 20 na nauyinsa ne gwal. Ba laifi a saya don kwalliya, laifin a saya da sunan ajiya.

Gwajin mayen ƙarfe da mutane suka dogara da shi rabin gwaji ne. Gwal ba ya bin sa, tagulla ma ba ta bi. Kuma maɓallin sarƙar gaske kan ɗan motsa, don akwai siririn ƙarfe mai naɗi a cikinsa. Gwajin da ya fi shi ne na baƙin dutse: a goga kayan har su bar layi, a ɗiga asid ɗin da aka haɗa don karat ɗin da ake da'awa. In layin ya tsaya, ya kai. In ya narke, bai kai ba. Inda ake kuskure shi ne goga saman kawai, don ruwan gwal ma zai bar layi mai kyau. Dole a ɗan ci wurin da ba a gani da magagari tukuna. Na'urar haske da manyan shaguna ke sawa ita ma fatar sama take karantawa, kauri kaɗan ya isa ya ruɗe ta. Ga zobe ko awarwaro mara rami akwai gwajin ruwa: a raba nauyi da yawan ruwan da ya ture. Tataccen gwal na ba da 19.3, karat 18 wajen 15.5, tagulla ba ta kai 9 ba.

Ko gwal ɗin na gaske ne, akwai wuraren da nauyi ke ɓuya. Duwatsun ado ana auna su tare da gwal ranar saye, ranar sayarwa a ɓamɓare su a cire nauyinsu. Awarwaro mai rami wani lokaci ana cusa masa kakin zuma ko wayar jan ƙarfe. Sarƙa mai ƙananan gaɓoɓi kowace gaɓa da liƙinta, in kuma da karat ƙasa aka liƙa, sai an narka ake ganin ragin. Kuɗin aiki shi ma ba ya dawowa, komai kyan zanen. Mai son ajiya ya nemi kaya mai kauri, mara dutse, mai sauƙin aiki. Ba shi ne ya fi ɗaukar ido a wurin biki ba, na sani.

Wasu korafe-korafen kuma daga gida suke. Man bilicin mai zaiba yana mayar da gwal fari-fari ya sa shi gautsi, bilic na wankin tufafi yana cin wurin liƙi har sarƙa ta tsinke. Farin gwal in ya soma komawa rawaya ba jabu ba ne, ruwan rodiyom, farin ƙarfen da ake shafa masa a sama, shi ne ya koɗe, ana sake yi. Azurfa mai lamba 925 tana baƙi da iskar garin nan, gogewa kawai take so. Game da musayar tsohon gwal da sabo a cika kuɗi, malamai sun daɗe suna gargaɗi: a sayar da tsohon, a karɓi kuɗi a hannu, sannan a sayi sabon.

A Ingila tun shekarar 1300 doka ta sa a riƙa gwada kayan azurfa a buga musu tambari kafin su shiga kasuwa, Indiya kuma ta wajabta tambarin hukuma kan kayan gwal a 2021. Ina kira ga SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, da shugabannin 'yan gwal na Legas su kafa wurin gwaji guda a Yaba da wani a Idumota, wanda ba na mai shago ba ne. Kafin nan, shugabanni su tilasta rasit mai ɗauke da karat, nauyin gwal ban da dutse, farashin giram na ranar, kuɗin aiki daban, da abin da shago zai cire in an dawo da kaya. A auna a gaban mai saye, sikeli na nuna sifili kafin a ɗora.

Wassalam,
Wani maƙerin fari,
Agege, Legas.