Wasiƙa zuwa ga aminina a kan damfar injin motarsa

Sakkwato

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da maiɗakinka da yara. Yaya aiki, yaya sanyin Amurka? Mu nan bazara ta kankama, daga hantsi sifana ba ta taɓuwa a gareji sai da tsumma. Hajiya tana nan lafiya. Na leƙa ta ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, ta ce in gaya maka ka riƙa kira da wuri, don wayarka cikin barci take samunta.

Na ga hoton jan fulin alminiyon nan da ka turo, wanda kake son saya wa Lexus ɗinka. Don girman Allah kada ka biya kuɗinsa. Na san yana da kyau a ido, na kuma san mai tallarsa ya ce rashin nauyinsa zai sa inji ya amsa totur da sauri. Ba ƙarya ya yi ba gaba ɗaya, amma bai gaya maka abin da za ka rasa ba, kuma abin da za ka rasa shi ne ke tsare kiranshaf, wato dogon ƙarfen da fistin ke juyawa a cikin inji.

Abin da Toyota ta ɗaura a hancin kiranshaf ɗin 2JZ, injin motarka, shi ake kira damfa, kuma ba jan bel kaɗai yake yi ba. Ƙarfe biyu ne: cibiya da ke kama kiranshaf, da zobe mai nauyi a waje, sai roba a tsakaninsu. Duk lokacin da silinda ta tashi, fistin yana dukan kiranshaf ta kon-rod, sandar da ke haɗa su, sai ƙarfen ya ɗan murɗe ya sake komowa, kamar yadda mai wanki ke murɗa zane ya saki. Ido ba ya ganin murɗawar, amma tana nan. Injinka silinda 6 ne a jere, wato duka 3 a kowane juyi. In ka kai juyi 6,000 a minti, duka 300 ke nan a daƙiƙa ɗaya. Akwai kuma wasu matakan gudu inda dukan yake dacewa da rawar da ƙarfen kansa yake yi, sai murɗawar ta riƙa ƙaruwa a kan ta baya. Aikin zoben nan shi ne ya ƙi bin wannan rawa, robar ta shanye ta, ta mai da ita zafi. Fulin da ka turo dunƙulallen ƙarfe ne guda, babu abin da zai shanye komai.

Injin silinda 6 a jere yana matuƙar bukatar damfa, saboda kiranshaf ɗinsa dogo ne, dogon ƙarfe kuwa ya fi saurin murɗewa. Matsalar ba ta yau ba ce. Motocin farko masu silinda 6 sun sha karya kiranshaf, shi ya sa injiniyan nan na Ingila, Frederick Lanchester, ya fito da damfarsa wajejen 1910. Kai kuma ga shi za mu ƙara wa naka turbo, dukan kowane fistin zai fi wanda kamfani ya tsara. Ɓarnar ba rana ɗaya take bayyana ba. Metal, wato shimfiɗar da kiranshaf ke juyawa a kai, ya fara cinyewa ba dalili, notukan filawil su saki, haƙoran famfon baƙin mai su tsage tunda a kan kiranshaf famfon yake. Masu injin RB26 na Nissan sun san wannan ciwo na famfo sarai. In famfo ya tafi kana cikin gudu a hanyar Illela, kafin ka sauka gefen titi inji ya gama.

Na cire tsohuwar damfar motar, tana nan a kan tebur. Da ka ga robarta da tausayi ya kama ka: ta bushe ƙamas, ta tsattsage zagaye, gefe guda ma ta kumburo ta leƙo waje, in ka sa farce sai ta ɓantare. Baƙin man da ke yoyo daga sil ɗin gaba ya jiƙa ta, zafin garin nan ya ƙarasa. Da na kawo fistin na ɗaya ƙololuwa na duba, sai na tarar alamar taimin da ke jikin zoben ta gota daga inda ya kamata ta tsaya. Zoben ya zame ke nan a kan robar. Duk wanda ya saita wuta da wannan alama, ƙarya ta yi masa, kuma a inji mai turbo ƙaramin kuskuren taimin yakan huda fistin. Saboda haka maganar mayar da ita ba ta taso ba. Haka ma ta Beljiyom daga Ladipo ko Ƙofar Ruwa, domin shekarun robarta ɗaya da na wadda muka cire.

Da a ce injin zai zauna yadda ya fito daga kamfani, sabuwar damfar Toyota ta asali ta wadatar, ba sai ka wahalar da aljihunka ba. Sai dai an auna taurin robarta ne da nauyin fistin da kon-rod da filawil na asali, da iyakar gudun da kamfani ya sa. Mu kuwa mun canja fistin, mun canja kon-rod, kuloci da filawil ɗin da ka aiko ma sun fi na da sauƙi. Rawar kiranshaf ta tashi daga inda robar take jiranta.

Biyu nake so ka duba a can, dukansu na Amurka ne. Akwai ATI, wadda suke kira Super Damper. Ita ma roba ce ke aiki a cikinta, amma zobban roba ne da ake iya warware damfar a canja su, har a zaɓi taurinsu gwargwadon injin. Masu tsere suna ji da ita ƙwarai, kuma ba ni da abin da zan kushe ta da shi. Sai Fluidampr, wadda babu roba a cikinta sam. Zobe ne mai nauyi a rufe cikin kwanso, yana iyo a cikin ruwan silikon mai kaurin gaske. Kwanson yana bin kiranshaf, zoben yana jan ƙafa, ruwan da ke tsakani ya shanye rawar. Ba a auna ta da gudu guda ba, tana aiki daga ƙasa har sama. Irin wannan dabara ce a gaban manyan injinan dizal da yawa, irin na tirelolin da ke ɗauko siminti daga Kalambaina, injinan da ke shafe shekaru suna jan kaya.

Ni dai ra'ayina, ka sayi Fluidampr. Motar nan a Sakkwato za ta zauna, ba a filin tsere ba. Yau tana rarrafe a cunkoson bakin kasuwa, gobe tana shimfiɗe a hanyar Birnin Kebbi. Zobban robar ATI suna son a buɗe a sabunta su in sun daɗe, nan kuwa ba mai sayar da su, sai an sake jiran kaya daga wajenka. Ita waccan a rufe take, ba ta neman komai. Aibinta shi ne ta fi nauyi, kuma in kwanson ya lotsa zoben ciki ya maƙale, ta tashi aiki, ba gyara. Don haka ka sa a naɗe ta da kyau kafin ta shiga kwantena.

Ko wacce ka ɗauka, ka tabbata tana da shaidar SFI 18.1. Gwaji ne da ake juya damfa da gudu mai tsanani a ga ba ta tarwatse ba. Hukumar tseren NHRA ta can tana wajabta ta ga motar da ke cinye kwatan mil a daƙiƙa 10.99 ko ƙasa da haka. Mu ba alƙalin da zai duba mu, amma zoben ƙarfe in ya ɓalle a juyi 7,000 lagireto zai fara ci, sa'an nan duk wanda ke tsaye kusa, yarana kuwa a gaban inji suke wuni. Ka saya daga dillalin da kamfanin ya amince da shi, don na jabu suna yawo.

Kada kuma ka bari mai shago ya ba ka ta wani inji wai ai ramin ya shiga. Wasu injinan ana daidaita nauyinsu ne daga waje, damfarsu tana ɗauke da ƙarin ƙarfe a gefe guda. Chevrolet 400 haka yake. Ford 302 ma haka, har ya canja ma'aunin wannan nauyin gefe a 1981, wanda ya haɗa ta wannan zamani da injin wancan sai mota ta yi ta karkarwa. Naka 2JZ daidaitonsa a ciki yake, damfarsa ba ta da nauyin gefe. Ka faɗa masu sunan injin da shekarar motar, ka ce kana son mai layin bel daidai da na asali, kuma faɗinta kada ya gaza na asali. Wannan na ƙarshen ya fi damuna. Ƙaramin fuli yana rage gudun famfon ruwa da altaneta da kwamfiresan AC don a tsira da ɗan ƙarfi. A garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, rage wa famfon ruwa gudu ganganci ne.

Ɗaurawa kuma ka bar mani. Guduma ba za ta kusance ta ba, don dukan yana sauka ne a kan metal ɗin da ke hana kiranshaf gaba da baya. Zan auna hancin kiranshaf da ramin cibiyar tukuna, domin matsatsen shiga ake so, in ta yi sako-sako rawar ba za ta isa zoben ba. Ka haɗo mani da abin tura ta mai zare, da sabon notin kiranshaf na Toyota, da ɗan makullin da ke shiga tsagar, da sil ɗin gaba. Notin nan ɗaurinsa ya haura Nm 300, da sifanar awo za a ja shi, ba da bututu da ƙarfin ƙato ba.

Sauran aiki yana tafiya. Bulok ya dawo daga wanki, fistin sun zauna, kan silinda nake jira. In ka tashi aiko da kayan ka turo mani hoton lambar da ke jikin kwalin kafin a rufe, in duba ta da idona.

Ka gaishe da maiɗakinka da yara. Mutanen majalisa duk suna gaishe ka, suna tambayar ko da kai za a yi babbar Sallah bana. Allah shi tsare, shi maido mana da kai lafiya.

Naka har kullum,
Amininka na Sakkwato