Barkwancin Tsaye Sana'a Ce da Ake Koya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan wata sana'a da ke ƙara karɓuwa a wurin matasanmu na birnin Kano, wato barkwancin tsaye, inda mutum ɗaya zai riƙe makirufo ya fuskanci jama'a ba tare da abokin wasa ko kayan shiga ba, ya sa su dariya da zancen bakinsa kaɗai. Kusan kowace liyafar biki yanzu sai an ga irin waɗannan samari, kuma ina cikin masu murna da hakan, domin hanyar neman halal ce. Damuwata ita ce yawancinsu sun ɗauka baiwa ta wadatar, alhali sana'ar tana da ƙa'idoji kamar ɗinki ko ƙira, kuma akwai inda ake koyonsu.

Kwanakin baya na halarci wata liyafar aure a wani ɗakin taro, inda saurayin da aka ɗauko ya ƙare labaransa cikin minti biyar, sai ya juya kan wani baƙo mai i'ina yana kwaikwayon maganarsa. Na ga dattawan da ke teburin gaba sun sunkuyar da kai, uwar amarya ta ja mayafi ta rufe baki, baƙon kuma ya tashi ya fice. Yaron nan ba mugu ba ne. Guzurinsa ne ya ƙare, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa yadda ake tanadi.

Ɗan ƙanena ya shiga wannan harka shekara biyu da suka wuce, kuma a kan idona na ga amfanin karatu. Yana da wani labari a kan mai gidan da yake haya, wanda da farko yake buɗe shi da cewa mai gidan yana bin sa kuɗin wata takwas, sannan ya bayyana yadda mutumin ke zuwa duba shi idan ba shi da lafiya, kuma babu mai ko murmushi. Da ya karanta littattafan da Amurkawa suka rubuta a kan sana'ar, sai ya gane cewa kowane barkwanci kashi biyu ne: shimfiɗa, wadda take kai tunanin mai sauraro gabas, da kuma bugun ƙarshe, wanda yake fizgo shi yamma ba zato. Sai ya sake ginin labarin, ya fara da yabon mai gidan, yadda yake kawo masa kunu da magani, yadda babu mai yi masa addu'ar tsawon rai kamarsa, ya ɓoye zancen bashin sai a jimlar ƙarshe. Labarin bai canza ba, wurin ajiye kalma ne ya canza, kuma ɗakin ya kece da dariya. Daga littattafan nan ya koyi yawo da ƙaramin littafin rubutu, da naɗar kowane wasa a waya domin ya saurara daga baya ya yanke duk kalmar da ba ta aiki. Steve Martin, ɗaya daga cikin manyan masu wannan sana'a a Amurka, ya bayyana a littafin tarihinsa na 2007 cewa cikin shekara 18 da ya yi yana tsayuwa a dandamali, goma a koyo suka tafi, huɗu a gyara, huɗun ƙarshe ne kawai na shahara. Ya kamata matashin da ke sa ran yin suna cikin wata uku ya san wannan lissafi.

Sai dai littafin da aka rubuta domin gidajen shaƙatawa na Amurka bai san Kano ba. A can mutum yana iya zolayar iyayensa ko addininsa ko sirrin ɗakinsa a tafa masa, a nan kuwa wanda ya gwada haka ya rufe wa kansa ƙofa. Abin da littafi ya kasa ba ɗan ƙanena, a wurin wani dattijo ya same shi, wanda ya yi wasan kwaikwayo a talabijin tun zamanin CTV 67, gidan talabijin na jihar Kano. Dattijon ya saurare shi a zaure bayan la'asar, bai yi dariya ko sau ɗaya ba, sannan ya ce masa: "Ɗana, kana taka dariyar mutane. In ka saki maganar, ka yi shiru, ka bar su su gama." Ya kuma hore shi da ya fara sanin waɗanda ke zaune kafin ya buɗe baki, domin Bahaushe ya riga ya shata wa wasa iyaka: akwai wasa tsakanin Bafulatani da Babarbare, da Bakano da Bazazzage, da jika da kaka, da taubasai, amma babu shi tsakanin mutum da surukinsa, kuma ba a yin sa da nakasar da Allah ya ɗora wa bawa. Wanda ya san abokin wasansa a cikin taro ba zai rasa abin faɗa ba, kuma wanda aka zolaya ɗin shi ne zai fi kowa dariya.

Sau da yawa ana ɗaukar wannan sana'a kamar daga Legas ta zo mana, inda ɗan barkwancin nan Ali Baba ya share mata fage, taron Night of a Thousand Laughs da aka fara a 1995 kuma ya mai da ita kasuwa. Gaskiya ne sun riga mu tsara ta, amma muna da tushenmu. 'Yan kama sun daɗe suna tsayawa a kasuwa da ƙofar gida suna juya waƙoƙi da salon karatu zuwa zancen tuwo da nama, har wani Bature mai suna Gidley ya yi nazari a kan 'yankamanci aka buga a 1967. Akwai 'yan gambara, akwai wawan sarki da yake faɗa wa fada gaskiya cikin raha, akwai tashe a watan azumi. Abin takaici shi ne masu ilimin suna tafiya da shi. Rabilu Musa Ibro ya rasu a 2014, Ƙasimu Yero a 2017, Samanja Mazan Fama a 2023, kuma kowannensu ya san lokacin da ake sakin magana da lokacin da ake riƙe ta, sanin da kallon fim ɗinsu kaɗai ba ya bayarwa sai an tambayi mai shi dalili.

Saboda haka nake kira ga Jami'ar Bayero, musamman sashen nazarin wasan kwaikwayo da na harsunan Nijeriya, da Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa, da su zauna da dattawan da suka rage su naɗi bayaninsu a kan yadda suke gina raha, sannan a fitar da littafin koyarwa da Hausa, mai misalai daga rayuwarmu, wanda yaron da ba ya jin Turanci zai iya saye ya karanta. Ina kuma roƙon masu ɗakunan taro su ware dare ɗaya a wata, inda sabon shiga zai samu minti biyar ya gwada kansa a gaban manyan sana'ar, su gyara masa bayan an tashi, maimakon ya je ya yi gwajin a bikin 'yar mutane.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Gwammaja, Kano.