Wanda ya zo lokacin da Kantamanto ta ƙone

Malam Edita,

Gaisuwa mai yawa. Ni Kirista ce, a unguwar Nima ta Accra aka haife ni, gwanjo nake sayarwa a kasuwar Kantamanto. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne shirye-shiryen wa'azi da ke cika gidajen rediyo, inda wasu masu kiran kansu annabawa ke tallar mai da ruwan addu'a, wai maganin talauci.

Daren 31 ga Disamba 2024 mun kwana a coci, ana ta shelar shekarar buɗi. Ranar 2 ga Janairu 2025 wuta ta lashe kasuwarmu. Dila biyu da na ci bashi na saya, ban ko kwance su ba, suka zama toka. Dama tun tsadar 2022, da hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari, jarina bai farfaɗo ba.

Ba mai sayar da mai ko ɗaya da ya leƙo ni. Wadda ta fara ƙwanƙwasa ƙofata ita ce Hajiya mai koko da ƙosai ta layinmu. Ko gaisuwar kirki ba mu cika yi ba, don mun taɓa faɗa kan ruwan kwata. Ta zauna a bakin gado, ta kwance bakin zane, ta ce, "Maman yara, riƙe wannan, in kin samu kya biya." Mako uku yarana suna karyawa a wurinta kyauta. Daga baya zumuntar mata ta cocinmu ta ba ni kwasar adashi, alhali ba zagayena ba ne.

Tun ina yarinya nake jin labarin Basamariyen nan na Linjilar Luka sura 10, wanda ya taimaki mutumin da 'yan fashi suka yasar a gefen hanya, amma kullum a wurin mai taimako nake sa kaina. Ban taɓa zaton ni ce zan kwanta a gefen hanya ba. Karɓa ta fi bayarwa wuya, wannan kam na ɗanɗana.

Ban ce addu'a ba ta da amfani ba. Da ita na rayu a watannin nan. Amma Yaƙub ya faɗa a wasiƙarsa ta cikin Littafi Mai Tsarki cewa bangaskiyar da ba ayyuka matacciya ce, kuma begen da ake sayarwa a kwalba ba shi ne na Almasihu ba. A 2019 Babban Limamin Ƙasar Ghana, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, yana gab da cika shekara 100, ya je sujadar Ista a cocin Christ the King, Fada Andrew Campbell ya tarbe shi. Duniya ta yi ta mamaki. Mu a zango ba mu yi ba, gida ɗaya muke haya, famfo ɗaya muke layi.

Roƙona, ku rage wa masu kwalba lokaci, ku aiko wakilinku Nima da Mamobi ya ji ta bakin irin su Hajiya. Da sassafe zai same ta, kafin kokon ya ƙare.

Taku mai sauraro,
daga Nima, Accra